Saƙo Ɗaya, Masu Karɓa Dubu: Darasi Kan Isar da Murya da Hoto ta Hanyoyin Kwamfuta

Ranar Lahadi 11 ga watan Fabrairu na shekarar 2024, daren da 'yan wasan Nijeriya suka kara da na Kwaddibuwa a birnin Abijan a wasan ƙarshe na cin kofin ƙwallon ƙafa na Afirka, jama'ar Abuja sun kalli wasan ta hanyoyi biyu. Wasu sun yi dafifi a gidajen kallo na Nyanya da Kubwa da Gwagwalada, gaban akwatin talabijin mai haɗe da kwanon satalayit. Wasu kuwa kowa ya duƙufa a kan wayarsa ta hannu. A ido, wasa ɗaya duka suka gani. Amma a littafin lissafin kamfanonin sadarwa akwai tazara mai nisa tsakanin waɗannan 'yan kallo. Tauraron ɗan'adam sau ɗaya ya sauko da hoton, kuma ko mutum goma ne suka kafa kwano ko miliyan goma, nauyin da ke kansa bai ƙaru da ko ƙwayar zarra ba. Masu waya kuwa, kowane ɗayansu sai da aka aiko masa da nasa kwafin daban, ko da su biyar ne a kan benci ɗaya.

A kan wannan tazara darasinmu zai tsaya. Masana ilmin kwamfuta sun shafe kusan shekara arba'in suna neman yadda intanet za ta riƙa yin abin da tauraro ke yi, wato ta ɗauki saƙo ɗaya ta isar da shi ga jama'a masu yawa ba tare da ta maimaita shi a kan hanya ɗaya ba. Batun ya shafi aljihun duk wanda ke biyan kuɗin layin sadarwa: mai banki da rassansa, mai otal da ɗakunansa, mai makaranta da azuzuwansa, har da dillalin da ke jiran farashin hannun jari.

Hanyoyi uku na aika saƙo

Sarakunanmu sun daɗe da sanin wannan matsala. Idan Sarki yana da umarni ga talakawa, yana iya tura ɗan aike gida-gida. Saƙo zai isa, amma sai an sami 'yan aike daidai yawan gidaje, kuma dukansu ta ƙofar gari ɗaya za su fita. Wannan shi ne saƙon ɗaiɗai, kuma da shi intanet take yin kusan dukan aikinta. Yana kuma iya sa mai shela ya zagaya gari, wanda abin ya shafa da wanda bai shafa ba kowa ya ji. Wannan saƙon shela ke nan, irin na rediyo da talabijin. Hanya ta uku ita ce wadda aka fi bi: takarda ɗaya ta tafi ga hakimi, hakimi ya sanar da dagatan da abin ya shafa, su kuma su sanar da masu unguwanni. Saƙon ba ya rabuwa sai inda hanya ta rabu, kuma ƙauyen da ba ruwansa ba a dame shi ba. Wannan ne saƙon rukuni, wanda injiniyoyi ke kira maltikas.

Ga lissafin a sauƙaƙe. A ɗauka wani kamfani mai hedkwata a Abuja yana da rassa 200, kuma shugabansa zai yi wa ma'aikata jawabi kai tsaye da hoto mai cin megabit 2 a kowace daƙiƙa. In an bi hanyar ɗaiɗai, layin da ya fita daga hedkwata sai ya ɗauki megabit 400. In an bi hanyar rukuni, megabit 2 kacal zai ɗauka, domin sai saƙon ya kai mararraba sannan na'urar da ke wurin za ta kwafe shi ta tura kowane ɓangare. In rassa 30 suna bayan layin Kano, kwafi ɗaya zai bi hanyar Kano, can ya yaɗu. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa hayar layi ya san cewa tsakanin megabit 2 da megabit 400 ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Yadda ake gina bishiyar

Wanda aka fi danganta wannan fasaha da shi shi ne Steve Deering, wanda ya yi aikin yana ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Stanford ta Amurka. A watan Agusta na 1989 aka fitar da takardarsa mai lamba RFC 1112, wadda ta zama ginshiƙin al'amarin. Ta keɓe wani sashe na adireshin intanet, daga 224.0.0.0 zuwa 239.255.255.255, ya zama adireshin rukuni maimakon na kwamfuta guda. Mai aikawa ba ya bukatar sanin su wane ne ke saurare. Adireshin rukunin kawai zai rubuta a kan saƙo. Mai son karɓa shi ne zai gaya wa rauta ta kusa da shi, wato na'urar da ke zaɓa wa saƙonni hanya, cewa ya shiga rukuni kaza. Ƙa'idar wannan shiga da fita ita ake kira IGMP.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin rautocin. Ta yaya za su san wane reshe ne ke da mai saurare? Dabarar farko, DVMRP, wadda aka wallafa a 1988, irin ta mai ban-ruwa ce a Kadawa: a saki ruwa ya bi kowace kwata, wanda ba ya so ya toshe tasa. Saƙo yana malala ko'ina, rautar da ba ta da mai saurare sai ta mai da amsa baya cewa a datse reshenta. Don kada saƙo ya yi ta kewaya, kowace rauta ba ta karɓarsa sai in ya shigo ta ƙofar da ita kanta za ta bi in za ta koma wurin mai aikawa. Dabarar tana da kyau a inda masu saurare suka yi cincirindo. Amma in mutum ɗari ne warwatse a duniya, malalar da datsewar sun zama ɓarna. Saboda haka a shekarun 1990 aka fito da wata ƙa'ida, PIM, wadda a ɗaya daga cikin sigoginta ba a aika wa kowa komai sai ya nema. Ana zaɓen rauta guda ta zama mahaɗa, masu aikawa su kai can, masu karɓa su nemo daga can, daga baya in an ga gajeruwar hanya sai a koma kanta. Ita ce aka fi amfani da ita har yau.

An gwada abin a fili tun da wuri. A watan Maris na 1992 aka watsa muryar taron injiniyoyin intanet na IETF daga birnin San Diyego zuwa wurare 20 a nahiyoyi uku, ta wata hanyar gwaji da aka sa wa suna MBone. A watan Nuwamba na 1994 har wasan makaɗan Rolling Stones aka watsa ta kanta daga birnin Dallas. A wancan lokaci mutane da yawa sun ɗauka talabijin ta kusa zama tarihi.

Ƙunshin da ya ɓata a hanya

A nan ne binciken ya fi zurfi, a nan kuma ya kamata mai karatu ya ƙara natsuwa. Intanet ba ta ɗaukar saƙo dunƙule. Yanyanka shi take yi ƙunshi-ƙunshi, kuma ba ta yi alkawarin kowane ƙunshi zai isa ba. In hanya ta cushe, rauta zubar da abin da ya fi ƙarfinta take yi. A saƙon ɗaiɗai akwai magani, wato ƙa'idar TCP: mai karɓa yana ta amsawa cewa ya samu, in mai aikawa ya ji shiru sai ya sake aikawa, ya kuma rage gudu.

To, a gwada wannan da mutum dubu. In kowa zai amsa a kan kowane ƙunshi, amsoshin kaɗai za su danne mai aikawa, kamar a ce kowane talaka sai ya zo fada da kansa ya ce ya ji umarni. Sai masana suka ce to a juya: wanda ya samu ya yi shiru, wanda ya rasa ya yi magana. An rage hayaniya, amma ba a rabu da Bukar ba. A ɗauka kowane mai karɓa yana rasa ƙunshi ɗaya cikin ɗari, kuma rashin wannan bai shafi na wancan ba. In su 100 ne, kimanin ƙunshi 63 cikin kowane 100 za a sami aƙalla mutum ɗaya da ya rasa. In su 1,000 ne, kusan kowane ƙunshi sai an sami wajen mutum goma da bai kai gare su ba. Wato mai aikawa zai ƙare yana maimaita kusan duk abin da ya faɗa, waɗanda suka riga suka samu kuma suna shan maimaicin a banza.

Dabaru uku suka fi fice wajen warware wannan. Ta farko ta fito a 1995 daga Sally Floyd da Van Jacobson da abokan aikinsu, suka kira ta SRM. Wanda ya taɓa zama a zauren karatu zai gane ta nan take. Kalma ta kuɓuce wa almajirai biyar. Kowannensu ya ɗan dakata, wanda ya riga ya tambaya da ƙarfi, sauran huɗun suka ji an riga an yi tambayarsu suka yi shiru. Amsa kuma ba lalle sai daga bakin malam ba, duk wanda ya ji kalmar yana iya faɗa, kowa ya amfana. Haka kwamfutocin ke yi: kowace tana jiran ɗan lokaci da ta zaɓa da ka kafin ta yi kuka, in ta ji wata ta riga ta sai ta haƙura.

Ta biyu ita ce a koma ga tsarin hakimai. A naɗa wasu masu karɓa su zama wakilan yankinsu, su tattara koke-koken na ƙasa da su, su biya musu abin da suka rasa daga ajiyarsu, sai abin da ya gagare su ne zai wuce sama. Masu binciken Bell Labs sun gina ƙa'idar RMTP a kan wannan.

Ta uku, a ganin mai wannan rubutu, ita ce ta fi ban sha'awa, domin ba ta bukatar kowa ya yi kuka. A ce za a aika lambobi uku: 3 da 5 da 9. Sai a ƙara ta huɗu, wato jimlarsu, 17. Wanda ya rasa 3 zai cire 5 da 9 daga 17 ya gano ta. Wanda ya rasa 9 shi ma haka. Ƙunshi ɗaya na ƙari ya gyara wa mutum biyu ɓarna iri biyu. Da lissafin da Irving Reed da Gustave Solomon suka fitar a 1960 ana iya faɗaɗa wannan, a aika ƙunshi 12 a madadin 10, kuma duk goman da suka iso, ko waɗanne ne, sun isa a haɗa saƙon cif. A 1998 Michael Luby da abokansa suka kai dabarar wani matsayi da suka kamanta da maɓuɓɓugar ruwa: mai aikawa yana ta kwararo ƙunshi, mai karɓa ya tara tulunsa, ba ruwansa da wane ɗigo ne ya shiga, da ya cika shi ke nan. Farashin wannan dabara shi ne ƙarin kaya a kan hanya. A misalinmu na 12 a madadin 10, an ƙara kashi 20 cikin ɗari.

Sai dai a lura, "tabbacin isarwa" ba ma'ana ɗaya gare shi ba a kowane ciniki. Takardar lissafin banki ko sabuwar manhajar da za a ɗora wa injinan cirar kuɗi dole ta isa ba ragi, ko da za ta makara. Muryar mai magana kuwa gara a rasa ɗan guntu da a makara, domin ƙunshin da ya zo bayan an wuce wurinsa ihu ne bayan hari. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa in ana son hira ta tafi sumul. Don haka ne aka tsara ƙa'idar RTP a 1996, wadda ke buga wa kowane ƙunshi lamba da lokaci, ta bar wa mai karɓa ya jera su, ya tsallake wanda bai zo ba. Akwai kuma matsalar rashin daidaiton layuka, wani yana Maitama da wayar gilashi, wani yana ƙauye da layi mai rauni. A 1996 Steven McCanne da Jacobson da Martin Vetterli suka ba da shawarar a raba hoton hawa-hawa, kowane hawa da rukuninsa. Mai ƙaramin layi ya tsaya a hawa na farko ya ga hoto dishi-dishi, mai babban layi ya ƙara hawa ya gani tangaran.

Abin da ya hana kasuwa karɓa

Duk da wannan ƙoƙari, saƙon rukuni bai mamaye intanet ta kowa da kowa ba, kuma dalilan na kasuwa sun fi na fasaha yawa. Kamfanin da ya karɓi kwafi ɗaya daga maƙwabcinsa ya mai da shi dubu a cikin layukansa, wa zai biya shi? Ba a taɓa samun gamsasshiyar amsa ba. Sannan kowace rauta da ke kan bishiyar dole ta riƙe bayanin kowane rukuni a ƙwaƙwalwarta, wanda kuɗi ne. A tsarin farko kuma kowa na iya jefa saƙo cikin kowane rukuni, abin da ya buɗe ƙofa ga masu ɓarna, sai daga baya aka fito da sigar da mai karɓa ke ambata takamaiman wanda yake son ji. Uwa uba, ɗabi'ar 'yan kallo ta sauya. Saƙon rukuni yana amfani ne in jama'a suna kallon abu ɗaya a lokaci ɗaya, alhali mai kallon fim ɗin Kannywood a YouTube shi ke zaɓen lokacinsa.

Abin da kasuwa ta zaɓa shi ne rumbu. Kamfanin Akamai, wanda Tom Leighton da Danny Lewin suka kafa a 1998, ya fara ajiye kwafin kaya a kwamfutoci kusa da masu nema, daga baya Google da Netflix da Facebook suka gina nasu. Kwafi ɗaya ke tsallaka teku, a ajiye, a riƙa raba shi ɗaiɗai daga kusa. In an duba da kyau, bishiyar Deering ce aka sake ginawa, sai dai a wannan karon tana da mai ita da kuma wanda zai biya. Manhajojin taro irin su Zoom su ma haka suke: kowane mahalarci yana da nasa layin zuwa kwamfutar kamfanin, ita ke kwafewa.

Saƙon rukuni na asali ya ci gaba da rayuwa a inda layukan duka na mutum ɗaya ne. Da shi kamfanonin waya na ƙasashe da dama ke kai tashoshin talabijin gidaje ta wayar intanet, da shi manyan otal-otal ke raba tashoshi ɗaki-ɗaki. Manyan kasuwannin hannun jari kamar Nasdaq da shi suke watsa farashi, kuma a nan dalilin ya wuce tsimi, adalci ne: in ɗaiɗai za a aika, dillalin da aka fara aika wa ya riga na ƙarshe ganin farashi. Sukan aika kwafi biyu ta layuka biyu daban, in ƙunshi ya ɓata a wannan a ɗauko shi a wancan.

Inda Abuja ta tsaya

Ga Abuja da Arewa baki ɗaya, tsimin hanya ya fi muhimmanci fiye da ga mutumin Ikko. Wayoyin ƙarƙashin teku da suka daɗe suna ɗauke da ƙasar nan, SAT-3 da MainOne da Glo-1 da WACS da ACE, duk a gaɓar Ikko suka sauka, haka ma Equiano ta Google da ta iso a 2022. Daga can sai kaya ya biyo wayar gilashi ta ƙasa, wadda masu aikin titi da ɓarayi ke yawan tsinkawa, ga kuma kuɗin izinin haƙa da jihohi ke karɓa. Masu harkar sun daɗe suna kukan cewa ɗauko kaya daga Ikko zuwa cikin ƙasa ya fi ɗauko shi daga Landan zuwa Ikko tsada. Ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da huɗu daga cikin wayoyin tekun suka lalace a yankin gaɓar Kwaddibuwa, 'yan kasuwa sun ga yadda hada-hadar wasu bankuna ta tsaya cik. Kayan da ke ajiye a rumbun cikin gida bai dogara da teku ba.

An yi wasu gine-gine da suka shafi wannan darasi kai tsaye. A 2006 aka kafa mahaɗar intanet ta ƙasa, IXPN, inda kamfanoni ke musayar kaya a cikin gida maimakon saƙon Kano zuwa Kaduna ya zagaya ta Turai. Ta fara a Ikko, daga baya ta buɗe a Abuja da Kano da wasu birane. A shekarar ce kuma aka kafa Galaxy Backbone a Abuja domin haɗa ma'aikatun Gwamnatin Tarayya a layi guda, kuma a watan Mayu na 2020, lokacin annobar korona, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yi zamanta na farko ta hoton bidiyo. A 2014 Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da NgREN, layin bincike da ilmi da ya fara da haɗa jami'o'in tarayya 27. Irin waɗannan layuka masu mai gida ɗaya su ne inda saƙon rukuni ke iya aiki, a ce malami ɗaya yana koyarwa a Zariya ana ji a Sakkwato da Maiduguri da kwafi ɗaya a kan babbar hanya.

Akwai kuma sama. Tauraron NigComSat-1 da aka harba daga ƙasar Sin a watan Mayu na 2007 ya lalace a Nuwamban 2008, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a watan Disamba na 2011, tashar sarrafa shi kuma tana Abuja. Tauraro irin wannan yana tsaye ne a nisan kilomita 35,786, don haka hawa da saukar saƙo kaɗai na cin kusan rubu'in daƙiƙa. Wannan ya sa hira ta kansa takan yi nauyi, kuma jiran koke daga dubban masu karɓa ba ya yiwuwa cikin sauƙi. Amma wajen raba abu ɗaya ga wurare masu yawa, musamman in an haɗa da dabarar ƙarin ƙunshi da muka bayyana, har yanzu da wuya a sami na biyunsa a ƙasa mai faɗin tamu. Talabijin ta dijital da aka fara gwadawa a Jos a watan Afrilu na 2016, aka kuma ƙaddamar a Abuja a Disamban shekarar, ita ma a kan wannan hikima ta saƙo ɗaya ga kowa take.

Ɗan kasuwar da zai sa hannu a kwangilar haɗa rassansa, ko sa talabijin a otal, ko kafa ajin koyarwa daga nesa, yana da tambayoyin da ya dace ya yi kafin ya biya. Shin jama'arsa abu ɗaya za su kalla a lokaci ɗaya? In a'a ne, rumbu yake bukata, kada a sayar masa da abin da ba zai amfane shi ba. In e ne, shin layin da zai haya yana wucewa da saƙon rukuni daga wannan reshe zuwa wancan? Da yawa ba sa yi sai an nema an rubuta a takarda. Ya kuma nemi a rubuta masa iyakar ƙunshin da aka yarda ya ɓata da iyakar jinkiri, da abin da za a rage masa in an saɓa, domin yawan megabit kaɗai ba ya nuna ingancin murya. A cikin gininsa kuma, na'urorin da ke haɗa kwamfutoci dole a saita su su riƙa lura da saƙonnin IGMP. In ba haka ba, za su ɗauki saƙon rukuni tamkar shela su watsa wa kowace kwamfuta, tashoshi ashirin na otal su toshe har injin karɓar kuɗi na kanta. Wi-Fi kuma ya fi kowa rauni a nan, domin a bisa al'ada yakan aika saƙon rukuni da mafi ƙarancin gudunsa, ba ya kuma jiran amsar an samu. Saboda haka injiniyoyi kan ja waya zuwa akwatunan talabijin na ɗakuna, su bar Wi-Fi ga wayoyin baƙi.